Inabin Sifaniya: Kowane Yanki da Dabararsa

Jama'a, yau Sifaniya muka nufa, ƙasar da ta fi kowacce faɗin gonakin inabi a duniya. Yawancinsa giya ake yi da shi, amma mu abin da ya ja hankalinmu shi ne yadda ruwa, rana da dutse ke juya manomi.

A Galisiya, can arewa maso yamma, ruwan sama ba ya gajiya. Sai manoma suka kafa ginshiƙan dutse suka ɗaga inabin sama kamar rumfa, iska na ratsawa ta ƙasa don kada laima ta ruɓar da 'ya'yan. Ranar girbi wuya ce ke shan aiki!

La Manca da ke tsakiyar ƙasar kuwa fari ne ke damunta. Kowane gindi a duƙe yake, nesa da ɗan'uwansa, don ɗan ruwan da ke ƙasa ya ishe shi. Kowa ya ci tuwonsa a akushinsa.

Ga wanda ya fi burge ni: tsibirin Lanzarote, kusa da gaɓar Maroko. Duwatsu sun yi ta aman wuta daga 1730 zuwa 1736, baƙar toka ta binne gonaki. Mutanen ba su karaya ba: suka haƙa ramuka har suka tarar da tsohuwar ƙasa, suka dasa inabi a ciki, suka yi wa kowane rami katangar dutse mai siffar jinjirin wata don tare iska. Tokar kuma tana riƙe danshi. Manomin Tawa da ya saba haƙa ramukan shuka na tassa zai ce, ai wannan namu ne!

A Heres, ta kudu, ƙasar fara ce fat kamar alli. Tana shanye ruwan hunturu, zafi ya ƙame samanta, danshi ya zauna a ciki. Randa ke nan ba mai ɗauka.

A Ribeira Sakra ta Galisiya gonakin a rataye suke a jikin tsauni, saman kogin Sil. Wasu kwandunan inabin a kan layin ƙarfe ake jawo su, wasu sai kwalekwale. Mai jiri ya zauna gida.

Tuddan Malaga kuma rana suka ɗauka aiki: a shanya inabi a gangare har ya zama zabibi. Inda mota ta kasa hawa, alfadari na nan da mangalarsa!