Lafawar Ciwon Ciki Ba Warkewa Ba Ce

Mu da aka danƙa wa amanar 'ya'yan jama'a a makarantu, babu kukan da mu ke ji kullum kamar na ciwon ciki. Yawancinsa ba kome ba ne, amma akwai guda wanda kan hallaka yaro in aka yi sakaci.

A ƙasan ciki wajen dama akwai wata 'yar hanji kamar ɗan yatsa, wadda likitoci ke kira afendis. In bakinta ya toshe sai ta kumbura. Wani likitan Amurka, Reginald Fitz, shi ya bayyana cutar sosai a 1886. Ciwon kan soma a cibiya, yaro ya ƙi abinci, ya yi amai, sa'an nan zafin ya gangara dama. In ya kai kwana 2 ba magani, haɗarin fashewarta ya ƙaru ƙwarai.

To, ga inda a ke ruɗewa. Sa'ad da ta fashe ciwo kan lafa na ɗan lokaci, har iyaye su yi hamdala. Can an jima sai zazzaɓi ya hau, ciki ya yi tauri, yaro ya kwanta ya naɗe ƙafafu, ba ya son motsi ko tari. Wani ma ya yi zawo, a zaci atini ne. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun fi shiga haɗari, gama ba su iya faɗin inda ke musu ciwo, kitsen da ke lulluɓe da hanjinsu kuma bai isa ya tsare mugunya wuri ɗaya ba.

Likita ya kan so ya san ko ta fashe tun kafin ya yi aiki. Ya kan taɓa ciki, ya auna jini ya ga yawan fararen ƙwayoyi da raguwar gishiri, ya ɗauki hoton ciki ya nemi ruwa ko ƙurji. In mugunya ta taru wuri ɗaya, wani lokaci ya kan fara da ƙarin ruwa da alluran kashe ƙwayoyin cuta, ya zuƙe ta, ya jinkirta aiki har mako 6 ko fiye.

Amma cikin tambayoyinsa na fari akwai wannan: yaushe ciwon ya soma? Mu malamai da iyaye ne kuwa ke da amsar. Saboda haka mu riƙe sa'ar da yaro ya fara kuka. Kada mu ba shi abinci ko maganin wankin ciki. Mu kai shi asibiti ko da tsakar dare ne, ko da ya ce ya ji sauƙi. Allah ya raya mana zuriya.