Node.js a waya: yadda mabuɗin sirri ke zubewa ta ƙofar shel

Matashin da ke son koyon rubuta manhaja a Saji, ko Rano da Kibiya a kudancin Kano, ba sai ya jira ya mallaki laftof ba. Wayar Android ta isa. Zai sauke Termux daga F-Droid, ya rubuta `pkg install nodejs`, cikin 'yan mintuna ga Node.js na aiki a tafin hannunsa. Ita ce fasahar da Ryan Dahl ya fito da ita a 2009 domin JavaScript ta yi aiki a saba, ba cikin burauza kaɗai ba.

Rigima tana farawa ne ranar da kuɗi suka shigo zancen. A ce ya haɗa wa wani mai sayar da taki a Rano ɗan shafin karɓar oda, ya jona shi da Paystack. Za a ba shi mabuɗin sirri mai farawa da `sk_live_`, kuma duk wanda ya samu wannan mabuɗi zai iya aika umarni ga asusun da sunan mai shagon. Masu koyo da dama sukan manna shi cikin kod ɗin kai tsaye, su tura GitHub. Manya ma sun ƙone a nan: a 2016 masu kutse sun tsinci mabuɗan Uber na sabobin Amazon a ma'ajiyar kod ɗin injiniyoyinsa da ke GitHub, suka kwashe bayanan mutum miliyan 57.

Maganin da aka saba shi ne bayanan muhalli, wato ƙananan bayanai da na'ura ke miƙa wa manhaja lokacin da ta tashi. Ana rubuta mabuɗin a fayil mai suna `.env`, a sa sunan fayil ɗin cikin `.gitignore` don kada ya bi kod zuwa intanet, sannan manhaja ta karanta shi ta `process.env.PAYSTACK_KEY`. A da sai an girka `dotenv`. Tun daga siga ta 20.6 da ta fito a Satumbar 2023, `node --env-file=.env app.js` ya wadatar.

Sai dai mutane da yawa a nan suke tsayawa, suna ganin sun kulle gida, alhali ƙofar baya a buɗe take.

Node.js na iya ba na'ura umarni ta `child_process`, kuma `exec` ita ce hanyar da masu koyo suka fi so saboda sauƙinta. Amma `exec` tana miƙa rubutun gaba ɗaya ga shel, shi kuma shel ba ya tantance wanda ya rubuta me. Idan kod ɗin ya ce `exec("ls " + suna)`, kuma `suna` daga wurin baƙon shafin ya zo, to mugu zai iya rubuta `hoto; printenv`. Wannan alama ta `;` tana gaya wa shel cewa umarni na farko ya ƙare, ga na biyu. Shi kuwa `printenv` aikinsa ke nan, ya zazzage duk bayanan muhalli. Tunda kowane umarnin da Node.js ta tayar yana gadon `process.env` ɗungurungum in ba a hana ba, mabuɗin Paystack na ciki. In shafin yana nuna wa baƙo sakamakon umarnin, an gama.

Gyaran bai kai layi biyu ba. `execFile("ls", [suna])` ba ta bi ta shel, don haka `; printenv` ya zama wani ɓangare na sunan fayil ɗin da babu shi. Haka ma `spawn`, matuƙar ba a kunna mata `shell: true` ba. Ana kuma iya ba su `env` mai ɗauke da `PATH` kaɗai, yadda umarnin ba zai ga mabuɗin ba kwata-kwata. Duk da haka a duba abin da baƙo ya rubuta, domin sunan da ya fara da `-` umarnin zai iya ɗaukarsa a matsayin zaɓi.

Wanda kuwa ya riga ya tura mabuɗinsa GitHub, goge layin ba zai cece shi ba, don Git na ajiye tarihin kowane canji. Sai ya shiga shafinsa na Paystack ya samar da sabon mabuɗi, ya kashe tsohon, sannan ya sa sabon a `.env`.