Tsunamin da Ba Ya Sallama: Zaftarewar Duwatsu Masu Aman Wuta da Mazauna Gaɓar Teku

Da misalin ƙarfe tara na daren Asabar, 22 ga Disamba, 2018, ɓangaren kudu maso yamma na dutse mai aman wuta da ake kira Anak Krakatau ya zaftare ya rufta cikin teku a mashigin Sunda, tsakanin tsibiran Java da Sumatra na ƙasar Indunisiya. Bayan kamar rabin sa'a, igiyar ruwa ta afka wa gaɓar lardunan Banten da Lampung. Mutum 437 suka rasu, dubbai suka jikkata, sama da 30,000 suka bar gidajensu. A wurin shaƙatawa na Tanjung Lesung, ruwan ya riski jama'a suna kallon mawaƙan Seventeen a wata liyafar ƙarshen shekara, ta bayan dandamali ya ɓullo musu. Babu jiniyar da ta yi kuka, babu saƙon da ya shiga wayar kowa. Da aka samu damar auna dutsen bayan kwanaki, tsayinsa ya dawo mita 110 daga mita 338.

Indunisiya ba baƙuwar tsunami ba ce. Bayan masifar 26 ga Disamba, 2004, wadda ta ci kusan mutum 230,000 a ƙasashen da ke kewaye da tekun Indiya, ƙasar ta gina tsarin gargaɗi da taimakon Jamus, aka ƙaddamar da shi a 2008. Burinsa shi ne a fitar da sanarwa cikin minti biyar da aukuwar girgizar ƙasa. A wancan dare tsarin bai lalace ba. Aikin da aka sa shi ya yi: ya kasa kunne yana jiran babbar girgiza, ita kuwa ba ta zo ba. Har wasu jami'ai suka fara cewa tumbatsar teku ce kawai ta cikar wata, kafin daga baya su janye maganar.

Hikimar dogaro da girgiza a fili take. Kusan kashi 80 cikin 100 na tsunamin da aka sani a tarihi girgizar ƙasa ce ta haife su, kuma motsin girgiza yana ratsa ƙasa da saurin da ya ninka na igiyar ruwa sau da yawa. Na'urori kan ji shi nan take, a lissafa wuri da ƙarfi, a yi shela tun ruwa na hanya. Sauran kashi 20 ɗin ne aka bari a baya, kuma a cikinsu zaftarewar tsibirai masu aman wuta ta fi wuyar sha'ani.

Dalilin zaftarewar yana cikin yadda irin wannan dutse yake ginuwa. Ba dunƙulallen fa ba ne. Tari ne na toka da tsakuwa da narkakken dutse da ya daskare, wani kan wani, kowane aman wuta ya ƙara nasa sahu, ya bar gangara mai tsananin tsayuwa. Daga ciki, ruwan zafi da iska mai guba suna cin dutsen har ya koma yumɓu. Narkakken dutsen da ke tasowa daga ƙasa yana tura gefuna waje, igiyar teku tana zaizaye gindi, ruwan sama na ƙara nauyi. Wanda ya taɓa ganin tsohuwar katangar ƙasa da damina ta jiƙe wa gindi ya san sauran labarin: tana tsaye lafiya lau a ido har ranar da za ta kwanta gaba ɗaya.

Shi Anak Krakatau, tun ran gini tun ran zane. Sunansa na nufin ɗan Krakatau, dutsen da ya fashe a watan Agustan 1883 ya tayar da igiyoyin da suka kashe sama da mutum 36,000. Ɗan ya fara leƙowa daga teku a 1927, kuma a bakin ramin da fashewar uban ta bari ya tashi, gefe ɗaya a kan tudu, ɗayan yana fuskantar zurfi. A 2012 wasu masana ƙarƙashin jagorancin Thomas Giachetti suka wallafa nazari, suka ce ɓangaren kudu maso yamma na iya ruftawa, igiyar kuma za ta isa gaɓar yammacin Java cikin minti 35 zuwa 45. Shekara shida bayan haka aka ga kusan abin da suka zana. Daga baya binciken cibiyar nazarin ƙasa ta Potsdam a Jamus ya nuna, ta hotunan tauraron ɗan'adam, cewa wannan gefe ya yi watanni yana zamewa a hankali, ga kuma aman wutar da ya tashi tun watan Yuni yana jibga masa ƙarin kaya. Ilimin yana nan, shaidar tana nan. Wanda zai haɗa su ya mai da su kukan jiniya ne babu.

A nan ne matsalar ta bar hannun yanayi ta koma ta ofis. A Indunisiya, hukumar da ke sa ido kan duwatsu masu aman wuta, PVMBG, daban take da hukumar BMKG mai alhakin gargaɗin tsunami. Ta farko tana kallon hayaƙi da toka, ta biyu tana jiran girgiza. Dutsen da zai faɗa ruwa ya faɗi a tsakaninsu. An kuma yi ta surutu kan na'urorin auna teku 22 da aka girka a kan ruwa, waɗanda hukumar agajin gaggawa ta ƙasar ta ce sun daina aiki tun 2012 saboda ɓarna da rashin kuɗin gyara. Abin kunya ne, amma a ganina ba su ne bakin zaren ba. Don tsunamin da ke tasowa daga tsakiyar teku aka yi su. Dutsen da ke cikin mashigi, kilomita 50 kacal daga otal-otal, yana buƙatar ma'auni a gindinsa.

Igiyar zaftarewa halinta daban ne. Girgiza tana ɗaga ƙasan teku a faɗin ɗaruruwan kilomita, shi ya sa igiyarta ke ƙetare teku da ƙarfinta. Zaftarewa kuwa wuri ɗaya take bugun ruwa. A kusa igiyar kan yi tsayi na fitar hankali, sai ta yi saurin lafawa da nisa. A ƙananan tsibiran da ke kewaye da Anak Krakatau ruwan ya hau sama da mita 80, ya kankare daji har ƙasa; a gaɓar Java bai wuce kamar mita 13 ba inda ya fi hawa. Ma'anar wannan ita ce, mai haɗari shi ne maƙwabci, kuma maƙwabci shi ne mafi ƙarancin lokaci.

Akwai wani abin da ya fi wannan ciwo. Darasin da aka shekara ana koya wa mazauna gaɓa shi ne: in ƙasa ta girgiza da ƙarfi, kada ka jira kowa, nufi tudu. Darasi ne mai kyau. A tsibirin Simeulue, labarin tsunamin 1907 da kakanni suka riƙa ba jikoki ya sa mutane suka gudu a 2004, mutum bakwai kawai suka rasu cikin kusan 78,000. Sai dai wanda aka horar ya jira girgiza, in ƙasa ba ta motsa ba, zai zauna. Mutanen garuruwan Anyer da Carita da ke gaɓar Banten sun saba jin rugugin dutsen watanni, ya zama musu kamar tsawar damina ta nesa, har baƙi na zuwa don kallon wutarsa da dare.

Abin ba sabo ba ne. A 1792 gefen dutsen Mayuyama, kusa da Unzen a Japan, ya rufta ta kan garin Shimabara ya shiga tekun Ariake. Igiyar ta ƙetara ta bugi ɗaya gaɓar, kusan mutum 15,000 suka halaka. A 1888 mafi yawan tsibirin Ritter, a ƙasar da yau ake kira Papua New Guinea, ya nutse a safiya ɗaya. Abin da ya sauya shi ne yawan mutane da dukiyar da ke bakin ruwa. Mashigin Sunda na yau yana da masana'antun ƙarfe da sinadarai na Cilegon, da jiragen fito tsakanin Merak da Bakauheni dare da rana, da jerin masaukai da mutanen Jakarta ke cikawa a ranakun hutu. Baƙo bai san hanyar tudu ba, mai masauki kuma ba ya son allon da zai tsorata masu kawo masa kuɗi.

Wani abu da ya ɓata tattaunawar shi ne labarin La Palma. A 2001 Steven Ward da Simon Day suka yi lissafin cewa idan gefen dutsen Cumbre Vieja na La Palma, a tsibiran Kanari na Sifaniya ya faɗi a dunƙule, har kubik kilomita 500 na dutse, igiyoyin mita 10 zuwa 25 za su isa gaɓar Amurka. Gidajen talabijin suka yi caraf da shi, domin tsoro na da kasuwa. Masana da dama sun yi jayayya: ɓaraguzan da ke ƙasan teku a yankin sun nuna cewa tsofaffin zaftarewar kashi-kashi suka auku, kuma igiyar za ta yi rauni sosai kafin ta ƙetare tekun Atlantika. A 2021 dutsen ya yi aman wuta na kwana 85, ya cinye gidaje da gonakin ayaba, aka kwashe kusan mutum 7,000, gefensa bai motsa zuwa teku ba. Ba wai manyan ba sa faruwa ba. A Kef Bade, nan Afirka ta Yamma, an gano manyan duwatsu masu nauyin ɗaruruwan tan a kan tudun tsibirin Santiago, waɗanda bincike na 2015 ya danganta da ruftawar dutsen Fogo kimanin shekara 73,000 da suka wuce. Amma tazarar irin waɗannan ta dubban shekaru ce. Abin da ya faɗi daga Anak Krakatau bai kai kashi ɗaya cikin dubu na lissafin La Palma ba, ga shi ya cika makabartu. Ana can ana fargabar birnin New York, masunta da 'yan yawon hutu ne suka mutu.

In ana neman inda aka ɗauki darasi, a duba tsibirin Stromboli mai aman wuta na Italiya. Ranar 30 ga Disamba, 2002, gangarar da ake kira Sciara del Fuoco ta zaftare sau biyu cikin 'yan mintoci, igiyar da ta kai kusan mita 10 ta ragargaza gidajen bakin ruwa. Ba a rasa rai ba, don lokacin sanyi ne, ba baƙi. Hukumar kare farar hula ta ƙasar da masanan Jami'ar Florence suka kafa ma'aunai biyu a cikin teku, ɗaya a kowane gefen gangarar. Ruwan kansa suke aunawa, ba ruwansu da abin da ya motsa shi. Da igiya ta wuce ƙa'ida, kwamfuta ke kunna jiniya ba tare da jiran sa hannun wani jami'i ba, domin ruwan na isa ƙauyen cikin ƙasa da minti huɗu. A Disamban 2022 jiniyar ta yi kuka kan igiyar mita ɗaya da rabi.

To, in minti huɗu sun isa a yi wani abu, ina ga rabin sa'a? Mai tafiya da ƙafa, ko da da yaro a hannu, zai iya nisan kilomita ɗaya cikin wannan lokaci. Shi ya sa nake ganin mafi yawan mamatan Sunda ba gaggawar ruwa ce ta ci su ba, rashin shela ne.

Ba a ce hanyar Stromboli ba ta da tsada ko cikas ba. Tsibiri ɗaya ne, gangara ɗaya sananniya, a ƙasa mai kuɗi. Indunisiya na da duwatsu masu rai sama da 120, wasunsu a tsakiyar ruwa. Gishiri na cin ƙarfe, toka na rufe faifan hasken rana, aman wuta na iya tafiya da na'urar kanta. Jiniyar da ta yi kukan banza sau biyu, na uku ba wanda zai tashi daga tabarmarsa. Fashewar dutsen Hunga Tonga a Janairun 2022 ta ƙara wani darasi: wayar intanet ta ƙarƙashin teku ta tsinke, ƙasar Tonga ta yanke daga duniya, don haka gargaɗin da sai ya biyo ta wata cibiya mai nisa ba abin dogaro ba ne. Duk da haka akwai motsi. Bayan 2018 an girka ƙananan ma'aunan ruwa masu arha a tsibirin Sebesi da gaɓar Banten. A Afrilun 2024, da dutsen Ruang a arewacin Sulawesi ya tashi, hukumomi suka tuna tsunamin da ya haifar a 1871, suka yi gargaɗi tun kafin wani abu ya faɗa ruwa, aka kwashe dubban mutane. Igiyar ba ta zo ba. Wasu za su ce an wahalar da jama'a a banza. Ni kuwa na ce gara haka da ihu bayan hari.

Hukumar UNESCO ta sa wa kanta burin cewa nan da 2030 duk al'ummar da ke cikin haɗarin tsunami ta zama a shirye. Ba za a auna wannan da yawan taruka ba. Za a auna shi da ko akwai ma'auni a gindin kowane dutsen da aka san gefensa na zamewa, ko an ware kuɗin gyaransa duk shekara, ko hukuma ɗaya ce ke da ikon kunna jiniya, ko an gaya wa masunci da mai masauki cewa ruwa na iya zuwa ƙasa ba ta girgiza ba. Anak Krakatau ya riga ya sake tasowa, ya haura mita 150, kuma a bakin wancan ramin na 1883 yake ci gaba da ginuwa.