Daddawa da magi: wa ke da laifin hawan jini?

Maganar ta daɗe tana yawo daga Kazaure har Babura, yanzu kuma WhatsApp ya ƙara mata fiffike: wai farin magi yana cire tabon tufafi, don haka a ƙaddara ɓarnar da yake yi wa hanji. To, ai lemon tsami ma yana cire tabo, kuma ba mu ji an daina matsa shi a koko ba.

A wani gida a Kanya Babba na taɓa ganin suruka da matar ɗanta a bakin murhu. Yarinyar ta ɓare dunƙulen magi huɗu ta murmushe cikin miyar kuka, ta kuma barbaɗa gishiri. Tsohuwar na gefe tana tsinke zogale, ta ce, "Ke 'yar nan, miya kike yi ko haɗa magani?" Ita kuwa ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, ai in ban sa ba, ba ya ci."

Abin da su biyun ba su sani ba shi ne, ɗanɗano ɗaya suke nema. A 1908 wani masanin kimiyya na Jami'ar Tokyo, Kikunae Ikeda, ya ware sinadarin gulutamet daga wani ganyen teku da Japanawa ke yin romo da shi, kuma a kan bincikensa aka fara sayar da Ajinomoto, wato farin magi, a 1909. Wannan gulutamet ɗin ne kakanninmu ke samarwa a daddawa ba tare da sun san sunansa ba. A dafa kalwa har ɓawonta ya saki, a sussuke a turmi, a wanke, a sake dafawa, a lulluɓe kwana biyu ko uku. Cikin wannan ɗumin ne wasu ƙwayoyin halitta ke warware sinadarin gina jiki na kalwar, gulutamet ya fito, warin kuma ya sanar da maƙwabta. Gulutamet ɗin nan ne kuma ke cikin tumatir nunanne, har da nonon uwa.

Ashe ba a nan gizo ke saƙa ba. Wajen rabin nauyin dunƙule gishiri ne, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya kai giram 5 a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi guda. Gishiri mai jan ruwa ne. Duk wanda ya ajiye buhunsa a ɗaki da damina ya ga yadda yake jiƙewa. Haka yake riƙe ruwa a cikin jini. Jijiya kuwa kamar tiyon ban-ruwa ce, in aka ƙara wa injin wuta sai ta ɗaure tamau. Zuciya ta koma jakin da ake ƙara wa mangala kullum, ba ya kuka, sai ranar da ya durƙusa. Harshe ma yana sabo, kamar mai gida kusa da injin niƙa da ya daina jin ƙara. Shi ya sa maigidan can yake ganin miya lami ce in ba dunƙule huɗu.

Ba wai mutanen zamanin da ba sa cin gishiri da kanwa ba ne. Amma wanda ya karya da ɗumame, ya wuni da fura a gona, sau nawa gishiri ya shiga bakinsa? Jikansa kuwa da safe taliyar leda da ƙullin kayan ɗanɗanonta, da rana garau-garau da yajin da aka daka da magi, da dare miya.

Masu cewa a koma wa daddawa su fara leƙa gonaki tukuna. Ɗorawa na ɗaukar shekaru kafin ta fara 'ya'ya, gatari kuwa yini ɗaya ya ishe shi, kuma bikin dashen itatuwan da ake yi kowace damina ya fi ƙarfi a gaban kyamara. Mata da yawa sun koma yin daddawa da waken suya. Tsohuwar nan ta Kanya Babba ma nata ƙullin na kalwa a cikin kwalla take ɓoye shi, sai za a yi baƙi take gutsuro wa matar ɗan nata.