Baƙin wuyan ƙanenka ba dauɗa ba ne

Idan kana zaune a Ƙofar Galadima ko wata unguwa a cikin birnin Zariya, da wuya a ce ba ka san irin yaron nan ba: ɗan shekara 12 ko 13, jiki ya cika, abokai na kiransa lukuti, bayan wuyansa ya yi baƙi da laushi kamar karammiski. Kullum Mama na bin sa da soso da sabulu, wai ba ya wanka da kyau. To, ka ce mata ta ajiye soson nan. Sau da yawa wannan baƙin alama ce ta cewa insulin ya yi yawa a jininsa, saboda jikin ya fara ƙin jin maganar sinadarin. Insulin kuwa shi ke buɗe wa suga ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka.

Abin ya wuce gida ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 fiye da miliyan 390 ne nauyinsu ya wuce ƙima, miliyan 160 daga cikinsu kuma ƙibarsu ta kai matakin cuta. A 1990 kashi 8 cikin 100 ne, a 2022 ya kai kashi 20. Mu kuma har yanzu kallon hutu da jin daɗi muke wa teɓar yaro.

Me ke faruwa a ciki? Ka taɓa lura da yadda ƙusa ke tsatsa a damina? Iskar da muke shaƙa ce ke cin ƙarfen. A jikinmu ma, duk lokacin da aka ƙona abinci don samar da ƙarfi, wasu ƙananan sinadarai masu ɓarna na fitowa. Jiki na da nasa masu kashe su, yana kuma samun ƙari daga abinci, irin su bitamin C da E. Su ne ake kira antiyoksidan. Matsalar na zuwa ne idan masu ɓarnar suka fi ƙarfin masu kariya. Kitsen da ya taru, musamman na ciki, yana haddasa kumburin da ba a gani, yana ƙara wannan tsatsar, ita kuma tana taɓa jijiyoyin jini da hanta, tana ƙara toshe wa insulin hanya.

Lokacin balaga ya fi haɗari. A shekarun nan, ko siririn yaro ma jikinsa kan rage jin insulin na ɗan lokaci, sannan ya dawo daidai bayan ya gama girma. Amma mai ƙiba na iya shiga wannan ramin ya kasa fitowa. Daga nan sai ciwon suga ko hawan jini tun ana saurayi. A 'yan mata kuma, ƙiba na da alaƙa da fara al'ada da wuri da rikicewarta.

Na san abin da za ka yi yanzu: ka ɗauko waya ka nemi maganin. TikTok da Instagram cike suke da masu tallan ƙwayoyi da shayin "wanke jiki". Ka riƙe kuɗinka. Manyan gwaje-gwaje ba su nuna cewa ƙwayoyin antiyoksidan na hana waɗannan cututtuka ba. A wani gwaji da aka yi a ƙasar Finland, wanda aka fitar da sakamakonsa a 1994, masu shan taba da aka bai wa ƙwayar beta-karotin sun ma fi kamuwa da sankarar huhu. Abin da ke aiki yana nan a kan tiren mai kayan miya: zogale, rama, alayyahu, tumatir, gwaba, lemon zaƙi, garin ƙwallon kuka, wake, gyaɗa, da zoɓon da ba a antaya masa suga ba.

Sai abin da za a rage. Robar lemo mai santilita 50 na iya ɗauke da suga sama da ƙaramin cokali 10, alhali abin da hukumar ta fi so shi ne kada a wuce kusan cokali 6 a yini. Harajin naira 10 a kan kowace lita da Najeriya ta sa wa irin waɗannan lemuka a 2022 bai hana ƙanenka sha ba, amma kai da kake ba shi kuɗin za ka iya. Haka kayan suyar da man su ya sha wuta har ya yi baƙi.

Yaro na buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum. Ƙwallo a layi, langa, tsallen igiya, zuwa Islamiyya a ƙafa maimakon a keke napep, duk suna ciki. Ka karɓi wayar hannunsa, ka ajiye taka, ku fita tare.

Kuma don Allah a bar tsokanar. Yaron da ake yi wa dariya ɗaki yake shigewa ya ci gaba da ci. Kada kuma a hana shi abinci, yana cikin girma ne. Idan ka ga baƙin wuyan, ko yawan ƙishirwa da fitsarin dare, ka yi wa iyayenku magana a kai shi Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ko asibitin koyarwa na ABU a Shika, a auna sugansa da jininsa. Yau da daddare, ka ɗan leƙa bayan wuyansa.