Wankin Ƙoda Da Ƙarfin Zuciya

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, wanda ya fara dashen ƙoda a 2010, yana karɓar masu ciwon ƙoda daga Barno da Yobe domin wankin jini da inji. Amma fa ciwon zuciya ne ya fi kashe masu wannan wanki.

Idan ƙoda ta gaza, ruwa da gishiri sukan taru a jiki, jini ya hau, zuciya ta yi ta faman tura shi har namanta ya yi kauri. Inji yana rage mata wannan nauyi. To, amma in aka zuƙe ruwa mai yawa cikin awa 4, sai jini ya faɗi, abin da ke isa naman zuciyar ya ragu, wani sashenta ya yi rauni wajen bugu. In haka ta yawaita, raunin yakan zauna.

Ƙa'idar wanki sau 3 ce a mako. Wanda rashin kuɗi ya sa ya tsallake rana, ruwan da za a cire masa sai ya ƙaru, zuciya ta wahala kafin wanki da lokacinsa. Shi ya sa likitoci ke gargaɗin a rage gishiri da kanwa, a auna ruwan sha, kada kuma a ƙetare rana.