INJIN BABUR A CIKIN MOTA: A YI LISSAFI KAFIN A SAYI TURBO

Daga Wakilinmu a Anaca

Duk wanda ya ratsa Kasuwar Relief a Anaca ya san cewa dako shi ne abincin 'yan'uwanmu da yawa. Tun da gwamnatoci suka hana acaɓa a Fatakwal da Inugu, sa'an nan a cikin Anaca a 2018, babura da dama suka koma jingine a lungu. Shi ya sa ake yawan tambaya a zangonmu: shin ba a iya cire injin babur a ƙera 'yar mota ta ɗaukar kaya da shi, a ƙara masa ƙarfi da abin nan da a ke kira turbo?

To, ana iyawa, kuma ba yau aka fara ba. A 1955 kamfanin BMW na Jamus ya fitar da wata 'yar mota mai suna Isetta, wadda injinta na babur ne mai ƙarfin doki 12. Keke Napep ma ai ɗan'uwan babur ne. Kayan gyara kuwa ba wuya, ga su nan jibge a kasuwar Nkwo ta Nnewi, garin da Innocent Chukwuma ya fara da cinikin kayan babur kafin ya kafa masana'antar motoci ta Innoson.

Shi turbo wata farfela ce wadda hayaƙin salansa ke juyawa, ita kuma ta juya 'yar'uwarta, wadda ke cusa iska cikin inji da ƙarfi. Iska ta ƙaru, a ƙara fetur, ƙarfi ya ƙaru. Amma fa zafi ma ƙaruwa ya ke yi, nan kuwa gizo ke saƙa. Baburan acaɓa irin su Bajaj Boxer fistin ɗaya gare su, ƙarfinsu bai kai doki goma ba, kuma iskar hanya ce ke sanyaya su, ba lagireto. In aka rufe irin wannan inji cikin akwati, aka ɗora masa buhunan albasa, aka shiga cunkoson Upper Iweka, sa'an nan aka cusa masa turbo, to, fistin na iya narkewa. Har ila yau turbo yana bukatar baƙin mai da famfo ke tura masa kullum, famfon ƙaramin babur kuwa ba a yi shi don wannan aiki ba. Ko kamfanin Honda da ya fitar da babur mai turbo a 1982, bai daɗe yana yinsa ba.

Bugu da ƙari, babur ba shi da ribas, birkinsa kuma an auna shi ne da nauyin mutum biyu. Birkin da ya tsai da fasinja ba zai tsai da buhu biyar a gangare ba.

Shawarata ga mai wannan niyya ita ce ya bar batun turbo tukuna. Ya sa wa ƙafar baya faifan sarƙa mai haƙora da yawa, watau gudu ya ragu, jan kaya ya ƙaru. Ya ɗaura fanka ta riƙa hura inji, kuɗin turbo kuma ya zuba su a birki da walda mai kyau. Kafin ya hau titi ya nemi ma'aikatan duba motoci su gani, domin abin hawa marar lamba abin kamawa ne, baƙo kuwa ya fi kowa sanin wahalar karɓo kaya daga ofis.

Babur ɗin nan shi ne jarin mutum, da shi a ke aika wa iyali na cefane a gida. Ganin kitse a ke yi wa rogo in aka ce turbo zai mai da shi a-kori-kura. Allah ya ba mu sa'a.